Kokawar Manila ba sai Amurka ta sa mata albarka ba

A shekarar 2014 wasu samari suka kama hayar wani ɗan fili a cikin tsohon rukunin shagunan Makati Cinema Square da ke yankin Manila, babban birnin ƙasar Filifin, suka shirya wasan kokawar zamani, irin wadda a nan muke ce wa resilin. Sunan ƙungiyarsu Philippine Wrestling Revolution, a taƙaice PWR. Babu gidan talabijin a bayansu, babu attajirin da ya ɗaure musu gindi. 'Yan kallo ne da suka haɗu a Facebook, suka ga tun da babu mai yi musu wasan a gida, gara su koya su yi da kansu.

Tun daga lokacin, duk sanda aka yi maganarsu sai an jefo tambaya guda: yaushe WWE, babban kamfanin resilin na Amurka, zai ɗauki ɗaya daga cikinsu? Ni dai ina ganin wannan tambaya tana rage wa yaran nan daraja, kuma tana kawar da ido daga abin da ya fi muhimmanci a aikinsu.

Na san inda tambayar ta samo asali. Amurka ta mulki Filifin daga 1898 zuwa 1946, ta bar musu Turanci da ƙwallon kwando da son duk abin da ya fito daga can. In WWE ta zo Manila, manyan zaurukan ƙasar take cikawa, irin su Araneta Coliseum, inda Muhammad Ali da Joe Frazier suka dambace a 1975, da Mall of Asia Arena inda ta yi wasa a 2016. Ga kuma Dave Bautista, wanda duniya ta sani da Batista, jinin Filifin ne ta wajen uba. Ga TJ Perkins da ya ci gasar marasa nauyi ta WWE a 2016, shi ma yana da jinin ƙasar. Yaron da ya tashi yana kallon waɗannan, dole ya ɗauka cewa hanya ɗaya ce, kuma ta Amurka ta bi. Shi ya sa da aka gayyaci 'yan wasan PWR uku, Jake De Leon da Crystal da Ken Warren, gwajin WWE a birnin Shanghai a 2019, murna ta cika magoya baya. Sun je, sun dawo gida, sun ci gaba da wasa a ƙananan zaurukan da suka saba. Wasu sun ɗauki hakan a matsayin faɗuwa. Ban yarda ba.

A dubi Jake De Leon da kyau. Laƙabinsa a fage Senyorito, kalmar da suka gada daga Sifaniyawan da suka mulke su sama da shekara 300, tana nufin ɗan maigida, ɗan lelen mai gandu. Ya fito a matsayin ɗan masu gonakin rake daga Bacolod a tsibirin Negros, yankin da 'yan tsirarun gidaje suka mallaki ƙasa tun kaka da kakanni, talakawa kuma suke yankan rake a kan ladan da bai taka kara ya karya ba. Ɗaya daga cikin kayen da ya yi suna da shi ana kiransa Alipin Drop, alipin kuwa bawa ke nan a harshen Tagalog. Wani kamun nasa Inasal Lock, sunan gasasshiyar kazar da garin Bacolod ya shahara da ita. Duk ɗan ƙasar da ke zaune a zauren, ko yana ƙaunar wannan mutum ko yana jin haushinsa, ya san irin gidan da ya fito, ya san irin gaisuwar da ake yi wa masu gidan, wataƙila ma kakansa ya yi musu aiki. Marubucin da ke zaune a ofis a Amurka ba zai iya ƙirƙiro wannan ba. In ma aka ɗauki mai wasan aka kai shi can, abu na farko da za a yi shi ne a cire masa sunan da kayan, a ba shi wanda Ba'amurke zai gane.

Ƙungiya ta biyu, Manila Wrestling Federation, ta ma fi fito da abin fili. Ta kira salonta aksyonovela, wato gamin faɗa da wasan kwaikwayon talabijin mai dogon zango, irin na soyayya da cin amana da rikicin dangi wanda ƙasar ta gwanance a kai, har gidajenmu na Nijeriya ake kallonsa. Kuma ba su ne farau ba. Tun 1989 an yi wani shiri a talabijin mai suna Pinoy Wrestling, da 'yan wasa irin su Joe Pogi, wato Joe kyakkyawa. Bai daɗe ba ya mutu, aka shafe shekaru sama da 20 fagen yana kufai.

Bahaushen da ya tashi a bakin fagen dambe, ko ya saba bin gasar takobi ta kokawar gargajiya a Nijar, zai ce ai duk wannan shiri ne, an san wanda zai yi kaye tun kafin a shiga. Gaskiya ne, kuma masu yin ba sa musu. A fagenmu babu wanda ya san wa zai sha ƙasa, wannan shi ne daɗinsa. Nasu wasan kwaikwayo ne da ake yi da jiki. Su ma suna da tasu kokawar ta gado, dumog a tsibiran Visayas da bultong a wajen mutanen Ifugao, kuma babu wanda ya ce wannan ta zo ta maye gurbinsu. Abin da nake so a riƙe shi ne, ƙarshen wasa kaɗai ake shiryawa. Mutumin da aka ɗaga sama aka maka da katako, gadon bayansa na gaske ne, wuyansa na gaske ne.

A nan damuwata take, kuma ta fi maganar WWE nauyi nesa ba kusa ba. Yawancin masu wasan nan suna da aikin da suke ci da kansu da shi. Ranar Asabar ko Lahadi su hau fage, Litinin su koma wurin aiki da ciwon jiki. 'Yan kallo ɗaruruwa ne, ba dubbai ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 100 amma hankalinsu ya tafi ga ƙwallon kwando da damben su Manny Pacquiao. Kuɗin ƙofa ne ke biyan hayar zaure da fitila da na'urar sauti, abin da ya rage ga wanda ya sa jikinsa ba shi da yawa. Da annobar korona ta sa aka kulle Manila a watan Maris na 2020, wasan ya tsaya cak, domin sana'a ce da ba ta yiwuwa sai da taro. Bayan nan PWR ta yi rauni, 'yan wasa suka watse, wasu suka taru a sabuwar ƙungiya mai suna Filipino Pro Wrestling ƙarƙashin Red Ollero, ɗan wasan barkwanci wanda shi ma ya taɓa hawa fagen.

Ban ga laifin mutum ya bar inda bai ji daɗi ba. Amma kasuwar da 'yan kallonta ɗaruruwa ne ba ta ɗaukar ƙungiyoyi da yawa suna ja-in-ja a kan mutane ɗaya da ranaku ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ko ba su haɗe ba, ya kamata su daidaita ranakun wasa, su bar 'yan wasa su yi aiki nan da can ba tare da an ɗauke su maciya amana ba, su kuma amince da ƙa'ida ɗaya kan horo: wanda bai iya faɗuwa ba kada a bar shi ya hau fage don kawai ya sayar da tikiti ga abokansa. Ƙasar tana da hukuma mai suna Games and Amusements Board da ke kula da wasannin ƙwararru, ita ke sa ido a kan 'yan dambe. Irin kulawar da ake yi wa ɗan dambe, ta gwajin lafiya da likita a bakin fage, ita ta dace da ɗan kokawar nan, ko da kuwa hakan zai ƙara kuɗin tikiti. Mai kallon da ya iya tara kuɗi ya sayi kujera mai tsada ranar da baƙi suka zo daga Amurka, ba shi da hujjar yin ƙorafi in an ce ya ƙara kaɗan don ɗan unguwarsu ya sauko lafiya.

In kuma ana neman inda za a faɗaɗa, maƙwabta sun fi kusa. Akwai ƙungiyoyi irin nasu a Singafo da Malesiya da Tailan, kuma tuni ake musayar 'yan wasa. De Leon ya yi wasa a Tailan, Crystal ta zagaya ƙasashen yankin, Tajiri na Japan da Ho Ho Lun na Hong Kong sun zo Manila sun hau fage da 'yan gida. Tafiyar awa uku ko huɗu ce a jirgi, ba sai an nemi bizar Amurka ba, kuma mai wasa yana komawa gida da sunansa da labarinsa yadda ya fita da su.

A 2019 ɗin da aka je Shanghai, a cikinta ne PWR ta shirya wasan da ta kira Homecoming, wato dawowa gida. TJ Perkins ne ya taso daga Amurka, tare da Jeff Cobb wanda ya wakilci tsibirin Guam a kokawar Olamfik ta 2004, suka zo Manila. Perkins ya shiga fage ya tarar da Senyorito yana jiransa, a zauren da 'yan gida suka kama haya da kuɗinsu, a gaban mutanen da suka san ma'anar sunan kowane kaye.