Kek ɗin rogon kakar Farfesa

Wata uku ke nan, amma har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Kun dai san yadda na bar Salamanka ta ƙasar Sifen bayan digiri na biyu na sauka Salbado ta jihar Bahiya a Burazil, kun kuma ji cika bakin da na yi, wai wanda ya iya Sifaniyanci ai ya gama da harshen Fotugis, sai dai ya ƙara toshe hanci. Na ci jarrabawar Celpe-Bras ta ƙwarewa a harshen Fotugis, sai na ɗauka an wuce wurin.

Aikina a kan takardun shari'ar tawayen Musulmi ne na daren 24 ga Janairun 1835 a nan Salbado, cikin watan azumi. Yarbawa ne suka fi yawa a ciki, amma akwai namu, har wani bawa Bahaushe mai suna Albino aka kira ya karanta wa hukuma rubutun Larabcin da aka kama. Ni abin da nake bi shi ne yadda magatakardan Burazil suka rubuta kalmominmu da kunnensu: Hausa ta koma ussá ko aussá, malami ya zama malomi. Wato dai sana'ata ita ce kama mutanen da suka ji kalma suka karkata ta. Ku riƙe wannan.

Kafin a bar mutum ya kare digiri na uku a nan sai ya wuce abin da suke kira qualificação, wato zaman tantance aikinsa. A sashenmu ana miƙa babi biyu da tsarin sauran aikin kwana 30 kafin ranar, bisa ƙa'idar ABNT, hukumar tsara ma'auni ta Burazil: santimita 3 a sama da hagu, 2 a ƙasa da dama, girman harafi 12, tazarar layi ɗaya da rabi, duk maganar wani da ta haura layi uku a tura ta ciki santimita 4 a rage harafinta. Malamai uku ne ke zama, su ne banca. Minti 20 kake da shi, sannan kowannensu ya ɗauki kamar rabin awa yana feɗe ka, kai kuwa kana rubutawa kana gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Minti ashirin ɗina sun tafi lafiya lau. Maƙogwaro ne kawai ya bushe, sai na ce don Allah a taimaka min da "um vaso de água". A Sifen vaso kofi ne. A Burazil kuwa tukunyar fure ce, ko kuma abin zaman nan na banɗaki. Kalmar da nake nema copo ce, wadda ko kofinmu na Hausa ya isa ya tuna min. Malamata ta yi kamar ba ta ji ba, ta turo min gorar ruwanta. Daga kujerar baya na ji wani ya shaƙe da dariya. Ba sai na faɗa muku ko waye ba.

Bayan malami na biyu aka ba da hutu. Farfesar da aka gayyato daga wata jami'a, dattijuwa mai furfura wadda saura ita ta yi min tambayoyi, ta buɗe wata roba. Kek ne na rogo, bolo de aipim, gurjajjen rogo da kwakwa da ƙwai da man shanu da sukari. Da hannunta ta yanko min. Ta ce haka avó ɗinta ke yi, Allah ya ji ƙan rai. Ban ma tantance ko kaka mace ko namiji take nufi ba, don bambancin avó da avô buɗe baki ne kawai kaɗan, mu kuwa da Sifaniyawa wasali biyar muka sani, su suna da bakwai ban da na hanci.

Wallahi kek ɗin ya yi daɗi. Na lumshe ido, na ɗora hannu a ƙirji, na ce, "Professora, está esquisito."

A Sifaniyanci exquisito shi ne ƙarshen yabon abinci. Asalinsu ɗaya a Latin, abin da aka nemo aka zaɓa. Amma a bakin ɗan Burazil esquisito na nufin abu wani iri, abin da bai kwanta maka ba, irin miyar da za ka ɗanɗana ka dubi matarka ka yi shiru. Ko furucin ma, iskizitu, ya kamata a ce farkonsa ya gargaɗe ni.

Ta tsaya da wuƙa a hannu. Na ga kamar ba ta ji da kyau ba, sai na ƙara murya: "Muito esquisito." Ta ce, a hankali, "Wani iri kamar yaya?" Nan fa na gyara tsayuwa na shiga bayani. Na ce tunda uwata ta haife ni ban taɓa sa irinsa a baki ba. Na ce mu ma muna da rogo, daga ƙasarku ma aka kai mana shi, amma a garinmu dafa shi ake yi a ci da ƙuli-ƙuli da yaji, babu wanda zai yi tunanin yi masa haka. Na ce dole in kira gida in ba su labari. Duk ina murmushi, ina tauna. Na rufe da "esquisitíssimo", don in nuna na iya nahawu.

Malamata ce ta matso ta ce min ƙasa-ƙasa, cikin Sifaniyanci, "Raro kake ce mata," wato abu wani iri.

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na buɗe baki zan ce kunya ta kama ni. Embaraçado ta zo, kuma daidai ce a harshensu, amma na tuna 'yar'uwarta ta Sifen mai juna biyu take nufi, na ƙi taɓa ta. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake. Na miƙa hannu ga constrangido, ita ma jin kunya take nufi, harshena ya zame ya faɗa kan wadda ya saba da ita a hunturun Salamanka. Na ce, "Desculpe, estou constipado." A can mura ce. A nan kuwa na sanar da zauren ne cewa cikina ya ɗaure, bayan gida ya ƙi fita, kek yana hannuna.

Sai ɗan Ajantinan nan, mai dariyar ɗazu, ya ce daga baya, da ƙarfi, "Shi ya sa ɗazu yake neman vaso."

Wannan mutumin fa shi ne abin da ya fi ci min rai. Shekararsa biyar a Bahiya, har yau bai iya cewa pão ba tare da mai gidan burodi ya kau da kai ba. Da Sifaniyanci ya tashi, ya fi kowa sanin ramin da nake nufa, yana iya yin tari tun a esquisito na farko. Bai yi ba. Yana zaune da 'yar ƙwaryar ganyensa da bututun ƙarfe yana zuƙa, kamar mai kallon dambe. Ni na gyara masa jerin manazarta ɗari da wani abu a watan Mayu, ɗaya bayan ɗaya, sunan mahaifi da manyan haruffa, har ƙarfe biyun dare. Ƙamusina na gajerce-gajercen tsofaffin takardu yana ɗakinsa tun bara, duk lokacin da na tambaya sai ya ce gobe. Kuma ba a gayyace shi ba. Ƙanshin kek ya biyo, ya ci yanka uku, na ƙirga.

Farfesa dai ta ɗauki minti 45 maimakon 30. Ta ce babina na biyu ya ɗora wa magatakarda laifi da yawa, ya kamata in yi tunanin yadda mutum ke jin baƙon sauti da kunnen harshensa na farko. Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau, ta ce tana ganin yanzu ina da misali. Ta kuma nuna min cewa a shafi na 61 na rubuta todavia da nufin "har yanzu", alhali a harshensu "amma" take nufi, don haka sakin layin gaba ɗaya yana ƙaryata kansa. An fitar da mu waje, aka dawo da mu, aka karanta aprovado, wato na ci, kowa ya sa hannu.

Da za ta tafi ta miƙo min robar da ragowar kek, ta ce in ci da gwanda. Robar tana nan a kan firjina, mai shuɗin murfi, ban san ta wa zan mayar ba. In wani zai wuce ta ɗakin ɗan Ajantinan, ya karɓo min ƙamusina.