Masu Fara Juyin Juya Hali Ba Su Ne Ke Ƙarasa Shi Ba

A watan Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, an ga matasa a titunan Kaduna suna ɗaga tutar Rasha, wasu na kiran soja su zo su karɓi mulki, har gwamnatin jiha ta kafa dokar hana fita a Kaduna da Zariya. Mutane da yawa sun yi musu kallon 'yan haya. Ni ban ga haka ba. Yaron da mudun masara ya fi ƙarfin aljihun ubansa ba ya buƙatar a koya masa fushi. Inda nake ja da su shi ne maganin da suka zaɓa, kuma a ce a Kaduna ake wannan kira, garin da ya fi kowane gari a Arewa sanin ƙarshen wannan wasa.

Kaduna dai garin bariki ne tun asali. Turawa sun fara girke sojojinsu a nan, sannan suka maido da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917. A nan ne kuma Manjo Nzeogwu, haifaffen garin, ya ja yaransa da tsakar daren 15 ga Janairun 1966 suka kashe Sardauna a gidansa, inda Arewa House take yanzu. Da ya yi jawabi a rediyo, juyin juya hali ya kira abin da suka yi, ya ce abokan gabarsu su ne maciya hanci masu karɓar kashi goma cikin ɗari. Kwana nawa ya yi yana riƙe da Kaduna? Janar Ironsi ne ya kwashe mulkin, shi ma aka kashe shi a watan Yuli, a 1967 yaƙin basasa ya ɓarke, Nzeogwun ya mutu a cikinsa. Soja suka mulki ƙasar nan kusan shekara 29 jimilla, kashi goman nan kuwa sai ya zama abin da ake tunawa da kewa.

Kusan kullum tumbi ne da zalunci ke kunna wutar. Tsadar burodi ta taimaka wajen fito da talakawan Faransa a 1789. Shekara 15 bayan haka Napoleon, hafsan soja, ya naɗa kansa sarki. A Sudan ma burodin ne: an ninka kuɗinsa sau uku a Disambar 2018, mutanen Atbara suka fito, Al-Bashir ya faɗi a Afrilun 2019. A 2021 Janar Burhan ya kori farar hula, a 2023 shi da Hemeti suka juya wa juna bindiga, Khartoum ta zama kufai. Dalilin bai da wuyar ganewa. Taron jama'a ya san abin da ba ya so, amma washegarin nasara kowa zai koma neman na cefane. Wanda ke da tsari da albashi da ma'ajiyar makamai shi ake bari a fili.

Tarihinmu na gida ya fi koyar da mu. Jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ba da takobi suka fara ba. Shekara da shekaru ana wa'azi, ana kukan jangali da kuɗin ƙasa da gaisuwar da sai ka kai kafin alƙali ya saurare ka. Sarkin Gobir Nafata ya hana rawani da lulluɓi, Yunfa ya ƙara matsawa, aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, aka gwabza a Tabkin Kwatto, Alkalawa ta faɗi a 1808. Amma tun kafin ta faɗi, Malam Abdullahi ƙanin Shehu, wanda ya ja rundunar Kwatto, ya riga ya ga abin da bai gamshe shi ba: mayaƙa sun koma tseren dawaki da tufafi da ƙwaraƙwarai da sarauta. Ya bar sansani ya nufi Makka, sai da Kanawa suka tsayar da shi ya koyar da su, sannan ya koma. Mutumin da ya yi yaƙin da hannunsa ke nan, kuma yayansa yana raye. Shehu na rasuwa a 1817, Abdussalami, ɗaya daga cikin almajiran farko, ya yi tawaye. Jangali kuwa ya dawo abinsa.

To me ya sa daular Sakkwato ta kai shekara ɗari? Don ba takobi kaɗai ta dogara da shi ba. Akwai alƙalai, akwai waziri mai zagaya masarautu da wasiƙu, akwai masu zaɓen sarki, akwai littattafan da malami zai buɗe ya ce wa mai mulki ka kauce. Kwatanta da Rabe, wanda ya ci Borno a 1893 da bindigogin zamani ya zauna a Dikwa. Ƙarfi kam yana da shi, amma rundunarsa ita ce gwamnatinsa, kuma runduna sai an ciyar da ita. Shekara bakwai kacal ya yi, Faransawa suka kashe shi a Kusuri a 1900. Daular soja da ganima take rayuwa. Ranar da babu sabon garin da za a ci, sai ta juyo kan talakan da ke ƙarƙashinta, ko manyanta su juya wa juna. Sakkwato ma ta ɗanɗana hakan a basasar Kano ta 1893 tsakanin Tukurawa da Yusufawa kan sarautar birnin, shekara goma kafin Turawa su fasa ganuwar birnin. Ibn Khaldun ya daɗe da lura cewa zumuncin da ke kafa daula ba ya wuce jikoki da kyar.

Za a ce mini ai ga Nijar da Mali da Burkina Faso, mutane na tafa wa soja, an kori Faransa. Gaskiya ne an tafa, kuma haushin Faransa yana da tushe. Sai dai ku duba alƙawarin zaɓe. Burkina ta ƙara wa kanta shekara biyar a 2024. A 2025 Janar Tiani na Nijar ya yi rantsuwar shekara biyar, Mali kuma ta rusa jam'iyyun siyasa baki ɗaya. Ko da shugabannin nan mutanen kirki ne, idan gobe suka ɓaci, wa zai ce musu sauka? Hanya ɗaya ta rage, wani kanar ya tashi da asuba. Wannan shi ne gudun gara a faɗa gidan zago.

Ban ce 'yan siyasarmu sun cancanci yabo ba, Allah ya sani. Amma jangalin nan da aka yi kukansa tun zamanin Gobir, wanda sarakuna suka karɓa, Turawa suka karɓa, a tsohuwar jihar Kaduna Gwamna Balarabe Musa ne ya soke shi tare da haraji a 1979, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. Talakawan jam'iyyar PRP ne suka bi layin zaɓe suka kai su gidan gwamnati. Da majalisar dokoki mai rinjayen jam'iyyar NPN ta ga ba za ta iya da Balarabe ba, tsige shi ta yi a 1981, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau kujerar, jihar ta ci gaba da harkokinta har soja suka dawo a ƙarshen 1983.