Zancen a dawo da bayananmu gida ya ishe ni

Tun da aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Kamaru a Disamban 2024 ake ta damunmu da waƙa ɗaya, wai a kwashe bayananmu daga gajimaren Google da Microsoft, wato rumbunansu na intanet, a zuba a cibiyar ajiyar bayanai ta Camtel, kamfanin sadarwa na gwamnati, da ke Zamengoé kusa da Yawunde, shikenan mun tsira. Haba jama'a.

E, dokar CLOUD Act ta 2018 ta bai wa hukumomin Amurka damar neman bayanai wurin kamfanoninsu ko da a wata ƙasa aka ajiye, to sai me? Mai saida atamfa a babbar kasuwar Garwa ba FBI ce ke hana shi barci ba. Kuma sai wanda ya manta 2017, lokacin da aka katse intanet wata uku a yankunan masu Ingilishi, ko wata 16 da maƙwabtanmu na Cadi suka yi ba WhatsApp ba Facebook, shi ne zai ce bayanai su matso kusa da hukuma hankali ya kwanta.

Ku zo ku ga inda ɓarakar take. Mutum zai sayi sabuwar Android a Marwa, ya miƙa wa yaron shago ya ce buɗe min konti, yaron ya buɗe Gmail ya zaɓi kalmar sirri da kansa, sau da yawa ma lambar wayar ce, ya karɓi kuɗin goronsa, mai waya ya tafi bai ma san yana da konti ba, alhali katin ɗan ƙasa, takardar fili, rasit ɗin Orange Money, hotunan matarsa da 'ya'yansa duk suna iya hawa Google Photos. Ka gina rumbun ƙarfe ka bar makulli a aljihun wani. Hirarrakin WhatsApp ma in sun hau Google Drive, kullen sirrin da ke hana wani karanta su, wanda aka fito da shi a 2021, sai ka kunna da hannunka, wa ya gaya wa Hajiya haka? Ga layin da aka daina sa wa kredi, kamfani ya sake saida lambar, kod ɗin shiga ya riƙa zuwa wayar baƙo. Ko hotunan 'yan fim ɗin Amurka da suka watsu daga iCloud, gajimaren Apple, a 2014, da saƙonnin yaudara aka karɓe musu kalmar sirri.

Wallahi ko a tsakiyar Garwa aka gina cibiyar, yaron shagon nan yana nan da kalmar sirrinka. Amma wannan ba ya kawo kwangila, ba a yanka kirtani a kai, shi ya sa manya ba sa son zancen.

ANTIC, hukumar da ke kula da tsaron intanet a Kamaru, ta rage taron otal da Faransanci, ta shiga rediyo da Fulatanci da Hausa da Larabcin Shuwa, ta gaya wa mutane su canza kalmar sirri su kunna tabbaci mai mataki biyu, wato ƙarin kod bayan kalmar sirri. Masu shagunan waya kuma a fara tambayarsu konti nawa na mutane ke rubuce a littafinsu.