Fim ɗin zargi ba da ihu ake yinsa ba

Masu shirya fim na Gusau da Ƙaura da Talatar Mafara, yau da ku nake. Wanda ba shi da kuɗin hayar gidan sama da jerin motoci, fim ɗin cikin gida ne nasa: mutum huɗu, miji da mata nan, miji da mata can, tsakar gida ɗaya, zargi ya shiga tsakani. Babu fim mai arha kamarsa, kuma babu wanda muke ɓatawa kamarsa. Tun a takarda yake lalacewa, don da an ce kishi sai marubuci ya jawo kishiya da boka da ƙullin magani a ƙarƙashin katifa. Daga nan sai ihu da jifa da kwanuka har fim ya ƙare. Wanda ya zauna gidan yawa ya san mai zargin gaske ba ya ihu. Shiru yake yi, ya rage cin abinci, ya dawo gida a lokacin da ba a saba ganinsa ba.

Al'adarmu ta riga ta ɗaura mana labarin, mu ne ba mu ɗauka ba. A ɗauki wa da ƙane a gida ɗaya, a ce a Tudun Wada, kowa da matarsa. Tsakanin matar wa da ƙanen miji akwai wasa, kowa ya sani, ta tsokane shi ya rama, ba mai cewa komai. Tsakanin wan miji da matar ƙane kuwa kunya ce, gaisuwa a durƙushe, ba zaman hira. To, a sa wan ya fara jin wasan nan ya yi masa yawa, ita ma matar ƙanen ta fara jin haka. Mutum biyun da ciwo ɗaya ke ci su ne biyun da al'ada ta hana su zauna su tambayi juna. Facalolin kuma dole su haɗu kullum a madafa da bakin rijiya. Ba a bukatar mugu ko ɗaya a wannan fim.

Sai a ba su hujja guda, ƙarama, mai fuska biyu. Misali 'yan kunnen gwal. Ana bin wan bashi a kasuwa, ya ɓoye, matarsa ta gano, ta cire 'yan kunnenta ta ba ƙanen ya sayar ya biya ba tare da an tona asirin yayansa ba. Kafin ya kai kasuwa, matarsa ta zo wanki ta same su a aljihun kaftaninsa. Shi kuma wan ya ga kunnen matarsa fayau, ya tambaya, ta ce sun ɓace. Ƙarya ɗaya ke nan, kuma ta rufin asiri ce. Duk abin da zai biyo baya daga jikinta zai fito. In marubuci ya ƙara wasiƙa da hoto da kiran waya da 'yar gulma daga maƙwabta, ya nuna bai yarda da labarinsa ba.

Abin da ya fi raba kan marubuta shi ne yaushe za a sanar da mai kallo gaskiya. Da yawa suna ɓoye ta sai minti biyar na ƙarshe, wai don a yi mamaki. Ni ban tare da su. Mamakin nan na daƙiƙa goma ne, kuma kafin a kai gare shi mai kallo ya kwashe sa'a ɗaya yana zagin matar da ba ta yi komai ba. A nuna masa gaskiya kafin a ci sulusin fim, wajen minti 25 zuwa 30 a fim mai minti 90. Daga nan duk lokacin da ƙanen ya ce "matar Yaya, yau ba a san da ni a tuwon nan ba?" tana dariya, wan yana bayan labule, cikin mai kallo ne zai ɗuri ruwa, don shi kaɗai ya san komai kuma ba shi da bakin faɗa.

Ga wani abu da fim ɗin Zamfara ke da shi a hannu wanda ba a amfani da shi. A nan kalmar zargi tana da farashi. Aya ta 4 a Suratun Nur ta ɗora bulala 80 a kan wanda ya jefi mace kamila da zina bai kawo shaidu huɗu ba, kuma tun shekarar 2000 ake aiki da dokar shari'a a jihar nan. Miji in ya dage a kan matarsa ba shi da shaida, li'ani ne a gaban alƙali: rantsuwa huɗu, ta biyar ya kira wa kansa la'ana in ƙarya yake, ita ma ta yi nata, auren ya mutu har abada. Saki uku a kalma ɗaya kuma, a Malikiyyar da alƙalanmu ke bi, uku ne. Saboda haka wan ba zai buɗe baki ya faɗi abin da ke ransa ba, kewaye zai yi ta yi. "Wa yak kawo miki katin waya?" "Mi ya hana ki jira ni in kai ki asibitin?" Marubucin da ya sa miji ya furta kalmar a fitowa ta goma, sannan aka ci gaba da zama kamar ba a yi ba, bai tambayi ko limamin unguwarsu ba. Kalmar nan harsashi ɗaya ce, in za a harba ta a bari sai ƙarshe.

Tunda na rubuta "yak kawo", bari in faɗi wannan in wuce: ku bar mutanen su yi Hausar gidansu. An mayar da harshenmu na yamma abin ba da dariya a finafinai, sai bawan gida ko ɗan ƙauye ke yinsa. Mace ta ce "gidanai ne, ya yi yadda yaka so" da murya ƙasa-ƙasa, ba mai dariya.

Yanzu aikin lokeshan. Shafi ɗaya na rubutu kusan minti ɗaya ne a allo, don haka shafi 90, fitowa wajen 50. In ana cin shafi bakwai zuwa takwas a yini, kwana 12 ya isa, tunda ba a yawon gari. Amma kwana 12 ya ishi lalle ya koɗe, ya ishi gemu ya tofo. Ba a ɗaukar fim a jere, fitowa ta 40 kan riga ta 5, sai ka ga lallen amarya ya dawo sabo bayan wata biyu a labari. A sa mutum ɗaya ba shi da wani aiki sai ɗaukar hoton kowane ɗan wasa da waya kafin kowace fitowa: ɗaurin ɗankwali, zobe, agogo, da kunnen matar wa. In 'yan kunnen da fim ɗin ya rataya a kansu suka bayyana a kunnenta bayan an ce sun ɓace, fim ya mutu, kuma masu kallo a YouTube za su faɗi minti da daƙiƙar da abin ya faru. Haka fuskar waya: kwanan wata, lokaci da cajin batir duk su dace da labarin.

Sauti ne rabin wannan fim, kuma nan ne aka fi yin ganganci. Maganar zargi a hankali ake yinta, makirfon jikin kyamara ba ya kama ta, sai ƙarar ɗaki. A maƙala wa kowa ƙaramin makirfo a ƙirji ƙarƙashin riga, a lura da hijabi mai santsi don yana gogar makirfo ya yi ta ƙwas-ƙwas, a ƙara da na sanda daga sama. Janareta ya koma bayan katanga, a ja waya mai tsawo, mita 30 ko fiye. A kashe fanka da firji. Wannan kaɗai ya isa dalilin guje wa Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40, ɗan wasa na zuba gumi hoda na narkewa. Damina kuma rufin kwano ba ya barin a ji komai. Disamba da Janairu sun fi, hazo ma yana tausasa hasken tsakar gida, sai dai a riƙa rufe kyamara saboda ƙura. A tsara aiki a tsaya kafin kiran azahar da la'asar. Kuma kafin a bar kowane ɗaki, kowa ya yi tsit a naɗi shirun ɗakin na minti ɗaya. Edita zai cike giɓi da shi, in babu sai ka ji sauti na yankewa tsakanin magana da magana.

Sannan a yi wasa da abin da kunne ke ji ta bayan bango. Mashin ɗin ƙanen yana da ƙararsa, a naɗe ta sau ɗaya a riƙa amfani da ita har mai kallo ya haddace. Ranar da wan ke kwance ya ji mashin ya tsaya a ƙofar gida, ya ji takun matarsa ta nufi zaure, ba a bukatar kiɗa ko kaɗan. Masu haɗa sauti suna son zuba kiɗan tashin hankali daga farko har ƙarshe, wannan yana kashe fargabar ne.

Dokar hana namiji da mace taɓa juna a fim, wadda wasu ke kuka da ita, a nan riba ce. Tunda hannu ba zai taɓa hannu ba, kwanon abinci ne zai yi magana. A matso da kyamara kan hannun matar wa tana zuba miya a kwano biyu, tsoka uku a wannan, biyu a wancan, facalarta na tsaye da tsintsiya tana ƙirgawa da ido. A bar kyamarar a kan fuskar mai sauraro fiye da ta mai magana. In mutum biyu na fuskantar juna, kyamara ta tsaya gefe ɗaya na layin da ke tsakaninsu, in ta tsallaka sai su zama kamar gabas duk suke kallo, kallon-kallon da aka gina fitowar a kai ya watse.

Na san jarabar da ke gaba: a ja labarin ya zama mai dogon zango, kashi 40, don kuɗin talla. Sirrin da tambaya ɗaya za ta warware ba ya ɗaukar kashi 40, tun a na shida mai kallo zai fara cewa me ya hana su tambayi juna. Fim ɗaya, ko kashi huɗu na minti 25.

Ƙarshen kuma kada a kira malami ya zaunar da su huɗun ya yi wa'azin minti bakwai. Mai bin bashi ya zo ƙofar gida ya yi wa wan godiya a kan kuɗin da bai san an biya ba. Wan ya shigo, matarsa na tankaɗe a tsakar gida, takardar da ya rubuta da asuba tana aljihunsa bai miƙa ba tukuna, ƙanensa kuma ya riga ya ɗaure katifa a bayan mashin.