Tsohon kiɗan grindcore ba hayaniya ba ne, kunne ne yake buƙatar horo

Akwai wani nau'in kiɗa da ya kankama a Ingila a tsakiyar shekarun 1980, wanda har Turawan da aka haife shi a ƙasarsu da yawansu ba su yarda a kira shi kiɗa ba. Sunansa grindcore. Wanda ya ji shi karon farko abin da yake shiga kunnensa shi ne gurnani da ƙarajin jita da ganguna masu gudu kamar an biyo su, kuma kafin ya gama yamutsa fuska waƙar ta ƙare an shiga wata. Ra'ayina, wanda na daɗe ina riƙe da shi, shi ne cewa faya-fayan da aka naɗa tsakanin 1986 da 1989 su ne gundarin wannan kiɗa, kuma kaushinsu da rashin tsabtar sautinsu, waɗanda ake ɗauka aibi, su ne ainihin abin da ya kamata mai sauraro ya nema. Sai dai ba a jin daɗinsu a tsaitsaye, kuma ba a yanke musu hukunci da gutsuren daƙiƙa goma da aka tsinta a TikTok.

Kafin a kunna komai, yana da kyau a san daga wace ƙasa da wane zamani wannan ihu ya fito. An kafa ƙungiyar Napalm Death a 1981 a ƙauyen Meriden da ke tsakanin Birmingham da Coventry, kuma waɗanda suka kafa ta, Nic Bullen da Miles Ratledge, yara ne 'yan makaranta a lokacin. Zamanin mulkin Margaret Thatcher ne, masana'antun tsakiyar Ingila suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, marasa aikin yi a ƙasar sun haura miliyan uku, sannan ga yajin aikin masu haƙar kwal na 1984 zuwa 1985 da gwamnati ta murƙushe, ga kuma fargabar yaƙin nukiliya da ta cika zukatan matasa. Yaran nan sun tashi suna sauraron ƙungiyoyin punk, wato kiɗan jita mai sauri da fushi, masu adawa da hukuma irin su Crass da Discharge, kuma suna haɗuwa a wata mashaya mai suna Mermaid a Birmingham, inda ƙungiyoyi suke hawa dandamali bi da bi kowa yana ƙoƙarin ya fi ɗan uwansa gudu. Birmingham ɗin dai ita ce ta haifi Black Sabbath, ƙungiyar kiɗan jita mai nauyi da ake kira metal, tun a 1968, saboda haka nauyin sauti ba baƙon abu ba ne a garin. Abin da yaran suka yi shi ne haɗa nauyin metal da fushin punk, sannan suka cire duk wani ado.

Faifan da nake ganin duk mai son fahimtar lamarin ya kamata ya zauna da shi shi ne Scum na Napalm Death, wanda kamfanin Earache na Digby Pearson da ke Nottingham ya fitar a 1987. Waƙoƙi 28 ne cikin kimanin minti 33, kuma labarin yadda aka yi shi kansa abin mamaki ne, domin kusan ƙungiyoyi biyu ne daban a faifai guda, kowacce da fuskarta, domin faifan garmaho fuska biyu ne da shi. An naɗi fuskar farko a 1986 a wani situdiyo mai araha a Birmingham, Bullen yana waƙa yana kaɗa bes, wato jita mai kaurin sauti, Justin Broadrick yana jita, Mick Harris yana ganga. Kafin a zo naɗar fuska ta biyu a 1987 biyun farko sun tafi, Lee Dorrian ya karɓi murya, Bill Steer ya karɓi jita, Jim Whiteley ya karɓi bes, Harris kaɗai ne ya saura a kan kujerarsa. Yawancinsu ba su cika shekara 20 ba. Idan ka saurari fuskokin biyu a jere za ka ji bambancin da kunnenka: ta farko tana da sauran ƙamshin punk, tana tafiya ta tsaya ta ja numfashi, kana iya tsintar kalmomi a bakin mawaƙin, ita kuwa ta biyu an sassauta tsirkiyar jita ta koma ƙasa, murya ta zama gurnani zalla, gudun kuma ya ninka. A tsakanin fuska da fuska, cikin ƙasa da shekara guda, kana jin sabon kiɗa yana fita daga jikin tsoho.

Kuskuren da sabon mai sauraro yake yi shi ne bin murya, domin mun saba da kiɗan da mawaƙi ne jagora, sauran kayan kiɗa kuma 'yan rakiya. A nan ba haka ba ne. Jagora shi ne mai ganga, kuma shi ya kamata ka kafa wa kunne. Bugun da aka san wannan kiɗa da shi, wanda masu shi suke kira blast beat, yana tafiya ne kamar luguden mata biyu a turmi guda: gangar ƙafa ta sauka, ƙaramar ganga ta hannu ta biyo ta, su dinga karɓeɓeniya da gudun da kunne ba ya iya ƙirgawa, faifan ƙarfe kuma yana tsiyaya a samansu. Ɗauki waƙa ta biyu a Scum, wato Instinct of Survival. Tana farawa da zubin jita mai matsakaicin gudu wanda ko mai tafiya zai iya bi da ƙafa, ana maimaita shi har ka saki jiki, sannan kwatsam Harris ya saki luguden, komai ya dunƙule ya zama bango guda na sauti, kuma a daidai lokacin da ka fara jin ba za ka iya ɗauka ba sai a saki a koma wancan zubi. Daɗin yana cikin wannan matsewa da sakewa. Da zarar ka gane cewa kana jiran lokacin da za a saki ne, sai ka fara jin cewa a cikin bangon nan akwai zubin jita na gaske, mai farko da ƙarshe, wanda a sauraron farko ba ka san yana nan ba.

Gajartar waƙoƙin ma tana da dalili, ko da yake ita ce aka fi yi wa dariya. Waƙar You Suffer da ta rufe fuskar farko tsawonta daƙiƙa 1.316 ne, har ta shiga kundin Guinness a matsayin mafi gajarta, kuma ba na musun cewa akwai barkwanci a cikinta, domin su kansu yaran sun san abin dariya ne. Amma wanda ya ciro ta ita kaɗai ya yi ta yawo da ita ya rasa abin da take yi a wurinta, inda take zuwa bayan waƙoƙi 11 a matsayin ƙofar da aka bugo da ƙarfi. Shi ya sa nake cewa waɗannan faya-faye a dunƙule ake jinsu, fuska guda a zama guda, da iyafis mai kyau ko lasifika mai fitar da kaurin sauti, domin lasifikar waya tana yanke bes ta bar ka da tsuwar ƙarfe kawai. Ma'anar gajartar kuwa a fili take: an faɗi abin da za a faɗa a kan kamfanonin ƙasa da ƙasa, ko wariyar launin fata, ko zaluntar dabbobi, an gama, babu amshi da za a maimaita sau huɗu don rediyo, babu wurin da mai jita zai tsaya yana nuna gwaninta.

Abin ban sha'awa shi ne rediyon ce ta fitar da su duniya. John Peel na tashar Radio 1 ta BBC, wanda ya girme su da kusan shekara 30, ya ji Scum ya rungume shi, ya gayyace su situdiyon BBC a watan Satumba na 1987, suka naɗi waƙoƙi 12 cikin ƙasa da minti shida. A ganina wannan naɗin yana cikin mafi kyawun abin da suka taɓa yi, domin injiniyoyin BBC sun san aikinsu amma ba su sami lokacin gyara komai ba. Shekara guda bayan haka faifansu na biyu, From Enslavement to Obliteration, ya hau saman jadawalin faya-fayan ƙananan kamfanoni na Birtaniya.

Ba Ingila kaɗai ce ke da hannu a ciki ba, kuma masu cewa Napalm Death ce ta ƙirƙiri komai ba su yi wa Amurkawa adalci ba. Ƙungiyar Siege ta jihar Massachusetts ta naɗi kaset ɗinta Drop Dead tun a 1984, Repulsion kuma ta garin Flint a Michigan, garin da rufe masana'antun mota ya durƙusar, ta naɗi nata a 1986, wanda sai a 1989 ya fito a faifai da sunan Horrified. Intanet ba ta shiga hannun jama'a ba a lokacin. Matasa ne suke kwafar kaset daga kaset suna aika wa juna ta gidan waya daga Michigan zuwa Birmingham zuwa Osaka, inda ƙungiyar S.O.B. take nata gudun, kuma duk kwafi yana ƙara dushewa yana ƙara kaushi. Ina da yaƙinin cewa wannan ya shiga cikin ɗanɗanon masu kiɗan, domin sautin da suka so tun farko sauti ne na kaset da ya sha kwafi. Idan ka ji bes ɗin Scott Carlson a Horrified, wanda yake zuwa a yayyage kamar lasifikar ta fashe, ka ji abin da nake nufi.

A nan zan faɗi inda na tsaya, domin ba duk abin da ke cikin wannan kiɗa nake karewa ba. Ƙungiyar Carcass ta Liverpool, inda Bill Steer ya koma gaba ɗaya, ta ɗauki wata hanya a faifanta Reek of Putrefaction na 1988: baitocinta cike suke da kalmomin likitanci a kan ruɓewar jiki, bangon faifan kuma hotunan gawarwaki ne da ba zan shawarci kowa ya nema ba. 'Yan ƙungiyar ba sa cin nama, kuma ana fassara abin a matsayin tsokanar masu ci, amma wannan bai sa ya zama abin kallo a wurina ba, ko da yake faifansu na 1989, Symphonies of Sickness, ta fuskar kiɗa zalla gwaninta ce. Masu jin gurnani su ce bautar shaiɗan ce kuwa sun haɗa abubuwa biyu daban. Akwai reshen metal da yake wasa da irin waɗannan alamu, amma takardar baitocin Scum siyasa ce daga farko har ƙarshe, kuma kowa yana iya karantawa ya yanke wa kansa hukunci.

Dalilin da ya sa na tsaya a 1989 shi ne abin da ya biyo baya. A 1990 Napalm Death, da sabon mawaƙi Barney Greenway, ta tafi situdiyon Morrisound da ke Tampa a Florida ta naɗi Harmony Corruption a hannun Scott Burns, sai waƙoƙi suka yi tsawo, sauti ya yi sumul, kowace ganga tana fita tsaf a wurinta. Faifai ne mai kyau a nasa fagen, amma haɗarin ya tafi. A tsofaffin naɗin kana jin Harris yana gab da kufcewa, jita tana bin sa a guje, kana jin cewa mutane ne da hannuwa da huhu suke yin abin da ya kusa fin ƙarfinsu. Yau kuwa da ake daidaita kowane bugu a kwamfuta, ana samun gudun da ya fi na 1987 nesa ba kusa ba, amma ba ya tayar mini da tsikar jiki. Na yarda akwai abin da yake karya wannan hujja tawa, wato World Downfall na ƙungiyar Terrorizer ta Los Angeles, wanda a Morrisound ɗin aka naɗe shi a 1989 da sauti mai tsabta, kuma bugun Pete Sandoval a cikinsa yana da rai ƙwarai. Shi ne ma faifan da nake ba wanda bai taɓa jin grindcore ba, domin yana barin kunne ya ga kowane zare.

Ga masu cewa yaran nan ba su iya kiɗa ba ne shi ya sa suke hayaniya, a duba inda suka nufa bayan sun watse. Lee Dorrian, wanda ya yi gurnani a waƙoƙin daƙiƙa 20, ya kafa Cathedral, ƙungiyar da ta yi suna da jan kiɗa a hankali har mai sauraro ya ƙosa. Broadrick ya kafa Godflesh da injin ganga a madadin mutum. Harris ya ajiye grindcore ya kafa Scorn yana kiɗan na'ura mai zurfin bes, ya kuma yi aiki da mai busa John Zorn da Bill Laswell a ƙungiyar Painkiller. Wanda yake son gwadawa ya fara da World Downfall, ya bi da Horrified, sannan ya zo kan Scum ya ji fuskar farko sau biyu ko uku kafin ya juya zuwa ta biyu, kuma ya rage ƙarar iyafis ɗin, domin Peel da yaransa ba za su biya masa kuɗin likitan kunne ba.