Bebí, bebiste, bebió: Bahaushe ya riga ya san rabin karatun

A azuzuwan koyon Sifaniyanci na yamma a nan Almeriya, a yankin Andalusiya da ke kudancin Sifen, inda 'yan'uwanmu ke zuwa a gajiye bayan tashi daga gonakin da ake lulluɓewa da leda, malami kan rubuta beber, wato "sha", a allo ya jera: bebí, bebiste, bebió, bebimos, bebisteis, bebieron. Sai ya ce a je a haddace. Ni a ganina wannan wahalar da mutane ne ba gaira ba dalili.

Mu a Hausa "sha" ba ya motsi. Na sha, ka sha, ya sha, mun sha, kun sha, sun sha. Gaban kalmar ke faɗin wanda ya yi aikin. Sifaniyawa kuwa a wutsiya suke sa shi. Cire -er, beb- ya tsaya cak, sannan -í shi ne "na", -iste "ka", -ió "ya", -imos "mun", -isteis "kun", -ieron "sun". Shi ya sa ba dole ne su ce yo, wato "ni", ba, bebí kaɗai ya isa. Kuma waɗannan ƙarshen su ne na comer (ci) da vivir (rayuwa): comí, viví. Mu ma har mun fi su rarrabewa, don muna da "ka sha" da "kin sha", su bebiste ɗaya ce ga mace da namiji.

Inda ake tuntuɓe shi ne kunne. Bebemos muna sha ne, bebimos mun sha, wasali ɗaya ya raba su. Ga mutanen Andalusiya suna haɗiye "s" na ƙarshe, sai ka ji "bebimo". Amma wanda ya tashi yana bambanta gàrī na zama da gārī na tuwo da kunnensa, wannan ba zai gagare shi ba idan an nuna masa.

Abin da na fi so malamai su faɗa tun ranar farko shi ne, beber in ba a ambaci abin da aka sha ba, giya ake nufi. Likita ko ɗan sandan hanya in ya ce "¿Has bebido?", wato "ka sha?", ba ruwa yake tambaya ba. Ɗan'uwa da ya ga kalmar shan ruwa a littafi zai iya cewa "sí", wato "eh", da zuciya ɗaya ya jawo wa kansa. Don haka a koya masa ya cika zancen: bebí agua (na sha ruwa), bebí leche (na sha madara), ko ya ce no bebo alcohol (ba na shan giya).