Ranar da Na Yi wa Goshina Labule

Tun ina firamare na san Allah Ya yi mini goshi. Ban wahalar da madubi ba, 'yan ajinmu sun ɗauke masa wannan aikin. Wata ta ce idan hadari ya haɗo, goshina ne ke fara jin ɗigon farko ya sanar da sauran jikina. Wani ɗan banzan yaro da ke zaune a bayana ya taɓa roƙona in ba shi aron wajen ya shanya gyaɗa. A gida kuwa kakarmu Hajiya, wadda har yau ba ta kirana da sunana sai "kishiya", maganarta ɗaya ce: goshi arziki ne, mai goshi ake nema a kai ɗaki, mai farar ƙafa ake gudu. Ban musa mata ba. Sai dai arzikin nan ya fi bayyana a hoto a kan asusun banki. Duk hoton bikin da aka ɗauka da ni, hasken kyamara a goshina yake yada zango, a ga fuskar kowa, ni kuma a ga fitila.

Kitso ma ya ba da tasa gudummawar. Shekara da shekaru ana ja mini shuku da ƙananan kalaba, mai kitso tana kamo har ɗan gashin da bai gama shawarar fitowa ba, na gaban ya yi ta ja da baya a hankali kamar mai bashi ya hango mai kuɗin. Filin sai ya ƙara faɗi.

A gidan Goggo abin ya samo asali. Goggo mayyar tsofaffin finafinan Indiya ce, tun zamanin kaset, irin marasa kalar nan da ake shafe awa uku ana kuka da rawa. Na je gaishe ta na tarar da wani yana yi, sai ga wata jaruma da ɗan gashi ya sauko mata a goshi, an yanke shi gajere, ya kwanta luf a saman gira. Na ce, "Goggo, wace ce wannan?"

Ta dube ni kamar na ce ban san tuwo ba. "Ke 'yar nan, Sadhana ce ba ki sani ba?"

Nan ta zauna ta karanta mini. Wai ita ma goshi ne da ita mai faɗi, da za ta fito a babban fim ɗinta na farko a 1960 sai daraktan, R.K. Nayyar, ya ce a yanke mata gashin gaba irin na Audrey Hepburn, jarumar finafinan Turawa, ya rufe wajen. Abin ya karɓe ta, har 'yan matan Indiya suka riƙa zuwa wajen gyaran gashi suna cewa a yi musu yankan Sadhana. Kuma daga baya, a 1966, ta auri daraktan. Da na dawo gida na bincika a waya na tarar Goggo ba ta ƙara ko gishiri ba. Na kwanta ina murmushi ni kaɗai. Ashe ciwon nan nawa an samo maganinsa tun kafin a haifi mahaifiyata, kuma maganin almakashi ne kawai.

Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne, gashin Sadhana idan aka sake shi ƙasa yake nufa. Nawa kuwa sama yake nufa, wajen Ubangijinsa.

A lokacin saura kwana huɗu bikin ƙanwar maigidana. An riga an fitar da anko daga Kantin Kwari, tela ya yi abin kirki a karon farko a rayuwarsa ya gama a kan lokaci. Lissafina shi ne ranar kamu, tunda taron mata ne zalla, in tura ɗaurin ɗankwali baya kaɗan, labulen goshina ya leƙo, dangin miji su san an yi zamani.

Gaskiya ba zan zalunci masu koyarwa a bidiyo ba, sun faɗi komai. Sun ce a yanka gashi a bushe, a yadda yake zama da kansa. Sun ce a ware ɗan yanki mai kusurwa uku, daga tsakiyar kai zuwa ƙarshen kowace gira, a ɗaure sauran a baya. Sun ce a fara yankewa ƙasa da inda ake so, don ragewa ba ta da wuya, ƙari ne babu. Sun ce a riƙe almakashi tsininsa na kallon sama, ana ɗan tsakura, kar a yi masa yankan atamfa. Sun kuma ce a nemi almakashin gashi mai kaifi. Duk na ji. Na ji irin jin da ake yi wa wa'azin rage cin maiƙo ana saura kwana biyu babbar salla.

Almakashin gidanmu ɗaya ne, da shi ake buɗe ledar taliya, da shi yara ke aikin makaranta, da shi maigida ke rage gashin baki. Na wanke shi da sabulu don girmamawa. Na jona abin miƙar da gashi, mai zafin nan kamar dutsen guga, na bi gashin gaba da shi har ya miƙe sambal ya sauko mini kan hanci. Wallahi a wannan minti biyun na yi kyau. Har wani ɗan juya ido na yi a madubi irin na mai shirin leƙowa daga bayan bishiya.

Na kama gashin da yatsu biyu, na ja shi da ƙarfi ya miƙe, na saita daidai gira, na yi bisimilla, ƙyas! Da na saki sai ya yi tsalle ya koma saman gira da kusan faɗin yatsa biyu. Na ce ba komai. Sai dai ɓangaren hagu ya fi na dama tsawo. Na rage hagu. Yanzu dama ta fi. Na rage dama. Kun san labarin biri da rabon cuku tsakanin kyanwoyi, to ni ce birin, ni ce kuma kyanwoyin. Ina cikin wannan shari'a aka ɗauke wuta.

Mai hankali a nan zai ajiye almakashi. Ni fitilar waya na kunna, na cije wayar da haƙora, na ci gaba da daidaitawa a cikin inuwar hannuna. Da aka dawo da wuta labulen ya tsaya a tsakiyar goshi, ba sama ba ba ƙasa ba, kamar wandon yaron da ya yi tsawo a hutu. Na lallashi kaina da cewa ai na Audrey Hepburn ma gajere ne sosai, kuma duniya ba ta tashi ba. Na shafa masa mai, na danne da tafin hannu, ya ɗan kwanta.

Sai aka kira magariba.

Na yi alwala kamar kullum, na zo shafar kai, na jiƙa hannu na shafa daga gaba zuwa baya na dawo. Ban kawo komai a raina ba. Na idar da salla, na cire hijabi, na wuce ta gaban madubi, na dawo da baya. Jama'a, gashin da wuta ta miƙar, ruwa ne ajalinsa. Irin namu mai murɗewa idan ya sha ruwa yakan tsuke ya koma rabin tsawonsa ko ƙasa da haka, kuma na san wannan tun ina 'yar shekara bakwai, kowace wankin kai sai na gani. Labulen ya nannaɗe kansa ya miƙe tsaye cirko-cirko a bakin goshi. Goshin da nake son ɓoyewa yana nan yadda yake, sai ma alama da aka kafa masa a sama don kar mai nema ya ɓata.

Ɗana mai shekara biyar ne ya fara shigowa. Ya tsaya ya ƙare mini kallo, ya juya da gudu yana kiran yayarsa: "Zo ki ga Mama ta zama zakara!"

Maigida ya dawo daga masallaci ya yi sallama, na amsa. Ya dube ni, ya dubi silin, ya dubi takalminsa. Mutumin kirki ne, na ga yadda yake kokawa da kumatunsa. Can ya ce, "Uwargida, lafiya dai ko? Ba risho ne ya yi bindiga ba?" Na ce ado ne. Ya ce, "To, madalla. Allah Ya sa an gama." Ya shige ɗaki ya rufe ƙofa, na ji gado yana girgiza.

Washegari da sassafe na rufa gyale har gira na nufi gidan mai kitsonmu. Ta zare ɗankwalin ta yi salati. Ta sa tsinke ta ɗaga, ta gwada kamawa da farce, gashin ya zille. "Hajiya, me zan kama a nan? Ko kitson jarirai sai da abin riƙewa." Ta ce in sa hular gashi ko a ƙara mini gashin doki. Na tuna surukata da ra'ayinta a kan ƙarin gashi, ra'ayin da takan bayyana da ƙarfi kuma a gaban mutane, na ce a'a. Na tambaye ta yaushe zai dawo. Ta ce gashi dai a wata bai fi ya ƙaru da kamar santimita ɗaya ba, nawa kuma tunda a murɗe yake fitowa, sai ya yi uku kafin ido ya ga ɗaya. Na ƙirga da yatsu na ga har azumi ina cikin wannan hali.

Na gwada jel. Ya kwanta kamar an lasa, na ɗaure da ɗankwali na kwana. Amma watan Agusta ne a Kano, iska cike da laima, kafin azahar ya ɓalle ya miƙe, ga farin gari-gari yana zubo mini a gira kamar na yi dakan gero.

Da na rasa tudun dafawa na tafi wajen kakarmu Hajiya, don na san ko ba ta da magani gara ta yi dariyarta a gida da ta yi ta a gidan biki. Ta yi kuwa, har da tari, har aka kawo mata ruwa. "Kishiya, wane wanzamin ne ya bar miki tukku? Ko yaye za a sake yi miki? To bana dai miji nawa ne ni kaɗai." Da ta lafa na nuna mata wani hoto a waya, na matan Amurka na shekarun 1940, lokacin yaƙin duniya na biyu, waɗanda ke nannaɗe gashin gaba ya yi gammo a saman goshi ba tare da an yanke ko sili ɗaya ba, wani abu suke cusawa a ciki ya riƙe shi. Wannan na gani ne bayan na riga na yi ɓarna, kamar yadda aka saba.

Hajiya ta kawo wayar dab da hanci. "Wannan ai doka ce aka kwantar a gicciye. Mu daga goshi zuwa ƙeya muke tayar da ita, a cusa tsumma a ciki a rufe da gashi. Su Turawa yaushe suka koya?" Ta ce ranar kamu in zo da wuri, in taho da baƙin tsumma mai laushi.

Ban sami tsumma ba. Na buɗe durowar maigida na zari baƙar safa ƙafa ɗaya.

Tsohuwar nan ashe hannunta bai manta ba. Ta ɗebo dogon gashi daga bayan inda na yi ɓarna, ta taje shi gaba, ta naɗe safar a ciki, ta tura tukkun ƙarƙashi ya ɓace, ta soke da 'yan ƙarafan gashi guda huɗu. Na ɗaura ɗankwali a baya. Na duba madubi na ga wata mata mai aji, goshinta ya ragu da kusan rabi. A wajen kamu har mutum uku suka tambaye ni wane salun na je. Na ce wata ƙwararriya ce, ba ta karɓar kowa.

Da na zauna a kujera na kama kaina, da lafiya lau aka tashi. Amma masu kiɗan ƙwarya suka saki wani kiɗa, aka kira matan yayyen amarya fili, na shiga. Na yi juyi, na yi liƙi, na sunkuya na ɗago, zufa tana aikinta a ƙarƙashin gini. Ina fitowa na hangi yayar surukata, wadda ta zo daga Katsina, na je na durƙusa har ƙasa na sunkuyar da kai. Ina cikin "Mun same ku lafiya, Hajiya? Ya hanya?" sai na ji kaina ya yi sakayau. Safar ta sauka a kan cinyarta, ta warware a hankali, diddigenta na kallon jama'a. Tukkun kuma ya miƙe ya gaida kowa.

Baiwar Allah ta ɗaga ta da yatsu biyu tana juyawa. Surukata da ke gefe ta gyara tabarau ta leƙo. "Wannan ba cikin safar da na kawo wa yaron nan tsaraba daga Makka ba ce?" Ta karɓa, ta ninke, ta saka a jakarta, ba ta ƙara cewa komai ba. Ni ma ban ce ba. Na jawo ɗankwali har kan gira, a haka na fito a duk sauran hotunan bikin, kamar mai ciwon kai.

Bayan sati biyu na koma gidan Goggo da ƙorafi, na ce ita ta jawo mini. Ta kashe sautin talabijin, ta leƙa tsakar gida ta tabbatar ba kowa, sannan ta ce, "Ke da wane almakashin kika yi? Ni da reza na yi nawa, ana saura sati ɗaya a kai ni ɗaki. Kin taɓa ganin hoton aurena ba lulluɓi?"

Yanzu wata biyu ke nan. Duk Juma'a nakan ja tukkun in auna da tef ɗin tela, ya kusa taɓa inda ya tsaya a yankan farko. Almakashin gidan kuma ya koma cikin motar maigida da zama, sai an cike dalili ake bayarwa. Jiya da safe na same shi tsaye gaban durowa riƙe da safa ƙafa ɗaya, ya ce, "Uwargida, ko za ki yi wa Hajiya magana ta dawo mini da 'yar'uwarta?" Na ce ai mahaifiyarsa ce, ya je da kansa.